Amon Tulu a Malam Madori

Garuruwan da jirgin ƙasa ya raya suna da wata ɗabi'a da ta bambanta su da tsofaffin birane masu ganuwa: ba su cika bincikar asalin mutum ba kafin su ba shi masauki. Malam Madori na cikin irin waɗannan garuruwa. Bayan da dogo ya iso Kano a 1911, an ci gaba da shimfiɗa reshensa ta arewa maso gabas, ya ratsa Ringim, ya bi ta Malam Madori da Birniwa, ya tuƙe a Nguru a 1930. Dogon bai shiga birnin Haɗeja ba, don haka Malam Madori ta zama tashar masarautar, inda ake tara gyaɗa da fatu ana loda su zuwa Kano da Ikko. Duk inda aka kafa sikeli da kanti kuwa, sai ka ga akawu ya zo, da mai gyaran dogo, da ɗan kasuwa daga Kudu, kowa da harshensa, kowa da addininsa. A yawancin garuruwan bakin dogo na Arewa, irin waɗannan ma'aikata ne suka fara taruwa ranar Lahadi a ɗakin ɗayansu, tun kafin wani Baturen mishan ya sami izinin kafa ko da rumfa.

Yau akan daɗe ba a ji kukan jirgin ba, dalar gyaɗa ma ta zama labari, amma cakuɗuwar jama'ar ba ta watse ba. A ƙarshen watan Nuwamban da ya wuce na raka ɗalibai goma sha takwas zuwa garin, 'yan ƙungiyar ɗalibai Kirista ta jami'ar da nake koyarwa, wadda nake ɗaya daga cikin iyayenta. Irin tafiyar nan ce da ake kira fita bishara: kwana uku, da kwalayen magani, da gidajen sauro, da ma'aikatan jinya biyu, da fiyanon lantarki, da janareta, da lasifika mai girman akwatin lefe. Masu bin wannan fili sun san ni Bahaushe ne Kirista, jikan Bamaguje daga kudancin Katsina, sun kuma san ba na mai da shafin nan mumbari. Yau ma ba wa'azi zan yi ba. Magana ce a kan waƙa, da harshe, da ladabin baƙunta, kuma Musulmi da Kirista duk suna da rabo a cikin ukun.

Uku ne kawai cikin ɗaliban suke jin Hausa sosai. Sauran Yarabawa ne da Ibo da Tibi da 'yan Filato da wata yarinya daga Kalaba. Sun yi makonni suna bitar waƙoƙin Turanci irin na manyan majami'un Legas da Abuja, da niyyar su je su farfaɗo da wata ƙaramar ikilisiya da suka ɗauka tana zaune cikin tsoro da ƙunci. Muna wuce Gumel ɗaya daga cikinsu ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali: "Malam, su waɗannan da za mu je wurinsu, a ɓoye suke yin sujada?" Na ce masa ya bari Lahadi ta zo.

Majami'ar ɗaki ce guda ta bulo da rufin kwano, ba silin, bencinanta ba su fi ashirin ba. Da ƙarfe tara ta cika. Akwai Hausawa manoma da suka taho daga ƙauyuka a kan babura, akwai masu shagunan kayan gyaran mota da na magani, akwai 'yan sanda biyu da iyalansu, da malaman makaranta, da masu yi wa ƙasa hidima a cikin kakinsu. An buɗe da waƙa daga Littafin Waƙoƙi, irin waɗanda aka fassara daga Turanci. Jama'a suka tashi suka rera ta da girmamawa, a hankali, ana jan kowace gaɓa kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Na ga ɗalibaina suna kallon juna, wato ga abin da suka yi zato. Daga nan aka ba su dama. Janareta ya tashi, fiyano ya ɗauka, suka yi waƙoƙi biyu masu daɗi, jama'a suka tafa musu tafin mutunci, irin wanda ake yi wa baƙon da ya yi ƙoƙari.

Sai mai jagorar sujada ya ce, "Zumuntar Mata."

Mata wajen goma sha biyar suka fito gaba da anko iri ɗaya. Ba su nemi makirufo ba. Wata ta zauna ta rungume tulu mai huda a gefe, tana buga bakinsa da guntun soson katifa, yana ba da wani amo mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Wata ta riƙe caki, wata kuge, wata ƙaramar ganga. Wata dattijuwa da ta kusa shekara saba'in ta ba da waƙa, sauran suka amsa, kafin amshi na uku ɗakin duka ya ɗauka. Ba wanda ya ce a tashi, amma ba wanda ya rage a zaune. Guɗa ta tashi daga baya. Waƙar tasu ce, su suka tsara ta, a kan ruwan da ya ci gonaki ya bar masu gonakin da rai, kuma duk wanda ya san fadamar Haɗeja ya san ba kwatance ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ga ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka kwashe shinkafar mutane tana gab da nuna. Waɗanda suke rawar nan su ne waɗanda ruwan ya ci.

Ranar ta zo daidai da baikon godiya na kaka. Aka jeru ana rawa zuwa gaba, wannan da buhun shinkafa a ka, wannan da kwanon riɗi, wannan da zoɓo, wannan da busasshen kifi a leda, wani yaro da zakara yana fisge-fisge. Wani dattijo ya zo da tiya guda ta gero, yana takawa da nauyi irin na mai ɗauke da dami goma, ba wanda ya yi masa kallon raini. Daga nan kowace ƙabila ta karɓi fili. Ibo suka yi tasu, Hausawa suka amsa musu da lafazin da zai sa mutumin Anaca dariya. Tibi suka yi tasu da rawar nan ta lanƙwasa jiki. Yarabawa uku kacal ne a ikilisiyar, amma da ɗalibaina suka shiga sai suka zama runduna. Duk lokacin da aka gama zagaye, Hausa ake komawa, domin ita ce tabarmar da kowa yake zaune a kai. Yarinyar nan ta Kalaba, wadda ba ta san ko "sannu" ba kafin mu taso, na hango ta a tsakiyar matan ta ɗaura ɗankwalin aro, tana amshi da dukan ƙarfinta, hawaye na zuba. Da aka tashi ta zo ta ce, "Malam, me nake ta faɗa ne?"

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai koyar da harshe shi ne tazarar da ke tsakanin waƙar farko da ta matan. Mutanen ɗaya ne, bangaskiyar ɗaya ce, harshen ma ɗaya ne, to me ya sa ɗaya ta yi nauyi ɗaya ta tashi? Amsar tana cikin ginin harshen. Waƙar Turanci a kan ƙarfin furuci take tafiya, wata gaɓa a danna ta, wata a sassauta. Waƙar Hausa kuwa a kan nauyin gaɓa take tafiya, doguwa da gajera, shi ya sa ma'aunan Larabci suka zauna mata daram, har irin su Mu'azu Haɗeja, ɗan wannan masarauta, da Aƙilu Aliyu suka gina waƙoƙinsu a kai ba tare da harshen ya yi ƙara ba. Bahaushe yana bambanta "gari" na mazauni da "gari" na tuwo da tsawon wasali kawai. Yana bambanta "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, ko "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, da hawa da saukar murya kawai. Idan ka ɗauko karin da aka tsara a Ingila ko Amurka a ƙarni na 19, ka cusa masa kalmomin Hausa don adadin gaɓoɓi ya yi daidai, dole wani wuri ka ja gajeren wasali, wani wuri ka guntule dogo, wani wuri murya ta hau inda harshen yake son ta sauka. Mai rerawa ya san ma'anar domin ya haddace ta, amma bakinsa yana faɗa da kunnensa. Dattijuwar nan ba ta da wannan matsala. Karin waƙarta daga cikin kalmomin ya fito, kamar yadda yake fitowa a waƙar daka da ta gaɗa da ta reno.

Ba ina raina aikin masu fassarar ba ne. Da waɗannan waƙoƙi aka yi jana'izar kakata, kuma har gobe akwai wadda in aka ɗauko ta sai na sunkuyar da kai. Aikin da aka yi wa Hausa ta wannan hanya ba ƙarami ba ne. James Schön ya fara fassara sassan Linjila tun shekarun 1850 da taimakon Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai. Likita Walter Miller sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa a wurin Hausawan da ke can, kafin ya biyo ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano a 1900, inda Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Shi ne daga baya ya zauna a Zariya, ya zama jigo a aikin da ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Masu fassarar sun yanke wata shawara da har yau muke cin moriyarta: ba su ƙirƙiro sababbin kalmomin ibada ba, sun ɗauki waɗanda suka tarar. Shi ya sa Kirista Bahaushe yake cewa Allah, da Ubangiji, da sujada, da addu'a, da annabi, da mala'ika, da zunubi, da gafara, da alheri. Ɗalibaina na Kudu sun yi turus da suka ji fasto ya buɗe addu'a da sunan Allah. Sai da na zaunar da su na bayyana musu cewa Kiristocin Masar da Lebanon ma haka suke kiransa, tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijeriya.

Sai dai waɗanda suka amince da kalmomin Bahaushe ba su amince da gangarsa ba. Da yawa daga 'yan mishan na farko, musamman na SIM, sun ɗauki kiɗa da rawa a matsayin kayan bori da shagalin duniya, don haka sabon tuba yakan bar garayarsa a ƙofar majami'a. Abin sha'awa shi ne, a nan ra'ayinsu ya zo kusa da na malaman jihadi, waɗanda su ma suka yi rubutu a kan kaɗe-kaɗen da suke ganin ba su dace ba. Masu littafi na kowane ɓangare sun yi ɗari-ɗari da fata da kirinya. Amma jama'a ba su daina neman hanyar da za su yi murna a gaban Mahaliccinsu da jikinsu duka ba. Wanda ya taɓa tsayawa a Kano ranar Maukibin Ƙadiriyya ya ji bandiri, ko ya kwana a wurin Mauludi yana jin masu bege, ba ya bukatar in fassara masa abin da na gani a Malam Madori. Aƙidar ta bambanta, kuma ba na cikin masu cewa bambancin ba kome ba ne. Amma yanayin fuskar mutumin da zikiri ya ratsa shi, da na matar da waƙar Zumunta ta ratsa ta, ɗan'adam ɗaya ne yake kallon sama.

A ɓangarenmu mata ne suka dawo da kiɗan, kuma ta ƙofar madafa suka shigo da shi. Tulu ba ganga ba ne, kayan ɗebo ruwa ne. Ƙwarya da caki ma kayan gida ne. Wane dattijon ikilisiya ne zai tashi ya haramta tulu? Haka kayan aikin gida suka zama kayan sujada, kamar yadda ƙwaryar amada ta zama kayan kiɗan su Barmani Choge a cikin gidajen kulle. Da ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa ta bazu daga Jos a shekarun 1960, matasa suka bi sawun iyayensu mata da ganguna a fili. Yau da wuya ka shiga majami'ar ECWA ko COCIN ko EYN ko HEKAN ka tarar ba Zumuntar Mata, kuma ko a inda jama'ar ba Hausawa ba ne, yawancin waƙoƙinsu da Hausa suke.

Wannan gwagwarmaya ba tamu ba ce mu kaɗai. Ikilisiyar Habasha, wadda ta girmi yawancin majami'un Turai, da ganga da kacau-kacau take sujada, tana danganta tsarin waƙoƙinta ga Yared na ƙarni na 6, kuma ba ta taɓa neman izinin kowa ba. A Kwango, a 1958, wani limamin Katolika ɗan Beljiyam ya bar ɗalibansa suka rera sassan sujadar Latin da karin gargajiyarsu, aka ɗauki abin a faifai da sunan Missa Luba, ya zaga duniya. Babban taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan jama'a da kiɗansu, har a 1988 Roma ta amince da tsarin sujada na musamman ga ƙasar Zayar, wanda rawa take cikinsa. Abin da manyan malamai suka yi shekaru suna muhawara a kai a zauren taro, matan karkarar Arewa sun riga sun zartar da shi da tulu.

Ban faɗi yadda aka karɓe mu ba. Daren da muka sauka, kafin a kawo tuwo, faston ikilisiyar, mutum mai furfura da ya haura shekara ashirin a yankin, ya tara mu a tsakar gida ya shimfiɗa mana sharuɗɗa. Da safe za a fara zuwa gaida mai unguwa, a gaya masa abin da ya kawo mu. Magani na kowa ne, ba za a tambayi mai karɓa addininsa ba, ba za a yi wa wanda ke kan layi wa'azi ba, ba za a sa takarda a cikin ledar magani ba. Ba za a ɗauki hoton mara lafiya ba. Lasifikar nan ba za ta fita waje ba, kuma in an kira salla a masallacin unguwa, kiɗa zai dakata har a idar. Wani ɗalibi mai zafin himma ya ce, "Baba, to ina bisharar take?" Tsohon ya dube shi, sannan ya juyo wurina ya ce, "Dakta, ku kwana uku za ku yi ku tafi. Mu a nan za a binne mu."

Ina ganin wannan magana ta fi duk wata lacca da aka taɓa yi wa ɗaliban a kan aikin mishan. Baƙon kwana uku yana iya kunna wutar da mazaunin shekara talatin zai yi ta kashewa. Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka fi zaman lafiya a Arewa, amma ba wanda ya manta cewa a watan Satumba na 2006 an ƙona majami'u da dama a Dutse bayan wani zargin ɓatanci. Murnar da muka gani ranar Lahadi ba ta mutanen da ba su san haɗari ba ce. Murna ce da aka gina a kan gaisuwar safe, da zuwa suna da ta'aziyya, da tuwon salla da ke shigowa da shinkafar Kirsimeti da ke fita, da sanin lokacin da ake ɗaga murya da lokacin da ake sassauta ta. Sharaɗin magani kuwa, a ganina, ya wuce dabarar zaman lafiya, batun mutunci ne. Duk wanda ya haɗa ƙwayar zazzaɓi da sharaɗin sauraron wa'azi ya ci zarafin mara lafiya, ya kuma rage darajar abin da yake wa'azinsa. Wannan hukunci ya hau kan kowace ƙungiyar agaji ta kowane addini, daga kowace ƙasa kuɗinta ya fito.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi a irin waɗannan tafiye-tafiye: wa ya amfana? Kuɗin hayar motarmu da man janareta kaɗai sun isa su sa wa ɗakin nan silin. Maganin da muka raba ya ƙare cikin kwana biyu, zazzaɓi kuwa yana nan. Masu sukar gajerun tafiye-tafiyen mishan, musamman irin waɗanda matasan Amurka suke yi zuwa Afirka da Latin Amurka, sun daɗe suna cewa da a aika kuɗin kawai ya fi. Suna da hujja. Waɗanda suka kafa SIM a 1893 ba da tikitin komawa suka zo ba: cikin su uku, Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent ya rasu a Bida, duk a 1894. Asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, da na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950, da aikin kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, duk aikin masu zama ne, ba na masu leƙe ba. Tun ƙarshen shekarun 1940 kuma 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta masu bishara, wadda yau ake kira EMS, suna aika mutanen da suke noma abincinsu a inda aka tura su.

Duk da haka ba zan ce a daina tafiyar ba. Abin da zan ce shi ne a kira ta da sunanta na gaskiya. Makaranta ce, kuma baƙin su ne ɗalibai. Yaron da ya taso a Legas yana jin cewa Arewa wuri ne guda mai fuska guda, ya zo ya ga mai unguwa Musulmi ya sa an shimfiɗa masa tabarma an kawo masa ruwa, ya ga mata masu hijabi sun cika layin awon jini suna tsokanar ma'aikaciyar jinya, ya ga Bahaushe mai rawani irin na kakansa yana karanta Zabura, wannan yaro ba zai koma yadda ya zo ba. Gobe shi ne ɗan jarida, ko alƙali, ko hafsan soja da za a turo Arewa. Idan kuɗin mota ya sayi wannan, bai tafi a banza ba. Sai dai a daina komawa gida ana ba da rahoton cewa an kai haske, alhali an je an tarar da fitila tana ci.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai. Bahaushe Kirista yana tsakanin rashin sani biyu. Ɗan'uwansa na addini daga Kudu yana mamakin akwai shi. Ɗan'uwansa na jini a gida kuma wani lokaci yana ganin kamar ya fita daga Hausanci ranar da ya shiga majami'a, har akan tambaye shi, "Kai ɗan wace ƙabila ne?" bayan ya gama magana da Hausar da ta fi ta mai tambayar. Amma tarihin yana nan. Majami'ar Wusasa ta 1929 da tubali da azara aka gina ta, ginin Hausa tsantsa, tana nan tsaye. Zuriyar Isawa da suka zauna a Gimi a 1913 suna nan. Ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna suna nan, haka Kiristocin Maraɗi da Tsibiri. Waɗannan mutane ba baƙi ba ne, ba kuma ragowar mulkin mallaka ba ne. Idan sun nemi filin gina wurin ibada, ko maƙabarta, ko takardar shaidar ƙaramar hukuma, a matsayin 'yan ƙasa suke nema, kuma ya kamata a amsa musu a wannan matsayi.

Mu ma na jami'a muna da bashi a kanmu. Sassan nazarin Hausa sun yi aiki mai yawa a kan Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, haka a kan rubutattun waƙoƙi tun daga Nana Asma'u. Amma a iya kundayen da suka ratsa hannuna a shekarun da na yi ina koyarwa, da wuya ka ga wanda ya ɗauki waƙoƙin Zumuntar Mata a matsayin adabin Hausa, alhali dubbai ne, ana tsara sababbi kowace shekara, tsofaffin kuma suna bin masu su kabari. Fitattun littattafan da suka yi nazarin Kiristocin ƙasar Hausa, kamar na Barbara Cooper a kan Maraɗi na 2006 da na Shobana Shankar na 2014, da Turanci aka rubuta su, a ƙasashen waje aka buga su. Ɗalibi Musulmi yana ganin ba huruminsa ba ne, ɗalibi Kirista kuma sau da yawa ba ya shiga sashen Hausa tun farko. Ga salon amshi, ga habaici, ga kirari da aka juya shi zuwa yabon Ubangiji, ga tarihin fari da ambaliya da tsadar taki duk a cikin waƙa, ba mai rubutawa.

Kafin mu taso ranar Litinin na je na durƙusa na gaida dattijuwar da ta ba da waƙa, na ce, "Mama, in mun dawo da na'urar ɗaukar murya, za ku yarda mu ɗauka?" Ta ce sai ta shawarci 'yan'uwanta. Bayan mako biyu fasto ya kira ni da amsarsu. Sun yarda, bisa sharaɗi uku: a zo da rani bayan an gama aikin fadama, a rubuta sunan wadda ta tsara kowace waƙa, kuma kafin a kai kome jami'a a bar musu nasu kofi a katin waya. Ɗalibai biyu sun riga sun ba da sunansu. Ɗaya ita ce yarinyar Kalaba, wadda ta fara zuwa ajin Hausa na masu koyo. Ɗayan kuwa ɗalibina ne na digiri na biyu, Musulmi, ɗan Kafin Hausa, wanda ya ce karin waƙar da na kwatanta masa ya yi kama da wanda kakarsa take yi in tana niƙa, yana son ya auna gaɓoɓin ya gani.